Rumfunan ƙofar filin jirgin Atlanta: me dala miliyan 265 ta saya?

Wanda ya nufi tashar jiragen cikin gida ta filin jirgin saman Hartsfield-Jackson da ke birnin Atlanta, a jihar Jojiya ta Amurka, tun daga nesa zai hango wasu manya-manyan rumfuna biyu masu lanƙwasa, ɗaya a ɓangaren arewa, ɗaya a kudu, sun lulluɓe titunan da ake sauke fasinjoji da ɗaukarsu. Kowace ɗaya tsawonta mita 263 ne, faɗinta ya kusa mita 60, tsayinta daga ƙasa kuwa mita 22. An kammala ta arewa a 2018, ta kudu a 2019. Aikin, haɗe da gyaran fuskar tashar, ya laƙume dala miliyan 265, adadin da ya zarce ƙiyasin farko nesa ba kusa ba. Mutanen garin da suka riƙe baki da jin wannan kuɗi ba su yi laifi ba. Inuwa ce dai aka yi a bakin ƙofa, to me ya kai ta wannan tsada?

Hoton rumfunan da daddare, lokacin da dubban fitilunsu ke sauya launi, shi ne ya fi yawo a intanet, amma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lamarin. Ni a nawa ganin, darajar irin wannan rumfa tana ga abin da ta canja a ƙarƙashinta, wato yadda mutum da mota ke haɗuwa a bakin tasha. Tsadarta kuma ta samo asali ne daga inda aka dasa ta, a jikin tsohon ginin da babu wanda ya isa ya rufe shi ko da na yini ɗaya.

Tun daga 1998 Atlanta ke riƙe da kambun filin jirgin da ya fi kowanne yawan fasinja a duniya, in ban da 2020, shekarar korona, da filin Baiyun na Guangzhou a ƙasar Sin ya sha gabansa. A 2019 mutum sama da miliyan 110 ne suka bi ta cikinsa, kimanin mutum 300,000 ke nan a kowace rana ta Allah. Nan ne babbar cibiyar kamfanin Delta, wanda tun 2007 yake da jirgin da ke zirga-zirga kai tsaye tsakanin Atlanta da Legas. Sai dai wanda ya sauka daga Legas a tashar ƙasa da ƙasa zai fita, wadda aka buɗe a 2012 can gabashin filin, da ƙofarta daban. Rumfunan na tashar cikin gida ne da ke yamma, wadda aka buɗe a watan Satumba na 1980, zamanin magajin gari Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan kujera a Atlanta. Bayan rasuwarsa a 2003 aka haɗa sunansa da na tsohon magajin gari William Hartsfield a sunan filin.

Masu harkar filin jirgi sukan raba shi gida biyu: ɓangaren jirage, inda ba a shiga sai da tikiti da bincike, da ɓangaren gari, inda kowa ke iya zuwa. Ana zuba maƙudan kuɗi a ɓangaren jirage, a ƙara titin sauka, a ƙara ƙofofin shiga jirgi, amma bakin titin da ke gaban tasha ba ya ƙaruwa, domin tsawonsa daidai yake da tsawon ginin. Ginin 1980 an tsara shi ne don fasinja miliyan 55 a shekara, yau kuwa kusan ninkin wannan ke bi ta filin. Gaskiya ne kaso mai yawa daga cikinsu canjin jirgi kawai suke yi, ba sa ko leƙa waje. Amma waɗanda suka rage ma miliyoyi ne masu yawa, kuma kusan kowannensu da motar da ta kawo shi ko wadda za ta ɗauke shi. Daga farkon 2017 kuma aka ba motocin haya na Uber da Lyft izinin ɗaukar fasinja a filin, sai ga wani sabon rukunin motoci da masu zanen 1980 ba su taɓa mafarkinsa ba.

A tsaya a dubi abin da ke faruwa a wannan bakin titi cikin minti biyu kacal. Mota ta tsaya, direba ya fito ya buɗe but, an sauke akwati biyu da jakar goyo, uwa tana kwance yaro daga kujerarsa ta baya, ana neman amalanken tura kaya, ana sallama. A bayansu wani ya kawo tsohuwarsa, sai an fito da keken guragu an buɗe shi kafin ta sauko. Na uku bai sami gurbi ba, sai ya tsaya a layi na biyu ya kunna fitilar gargaɗi, ya tare na ciki. Ɗan sanda yana ta hura usur. To a ce bakin titin yana ɗaukar mota 40 a lokaci guda, kowace tana tsayuwar minti biyu, mota 1,200 ke nan a awa. Idan tsayuwar ta koma minti uku, sai adadin ya faɗo zuwa 800, alhali ba a rage ko taku ɗaya na titin ba. Minti ɗayan nan shi ne gosulon da ke miƙewa har babban titi, shi ne kuma ke sa mutum ya rasa jirginsa yana kallon ƙofar tasha daga cikin mota.

Ruwan sama yana ƙara wannan minti, yana kuma yin abin da ya fi haka. Atlanta gari ne mai ruwa, abin da ke sauka a shekara ya kai wajen milimita 1,270, kuma a watannin zafi hadari kan taso da yamma ba zato. Idan ana ruwa babu mai son a sauke shi a ƙarshen titi ya jawo akwati a jiƙe. Kowa ƙofa yake so. Sai motoci su cushe a 'yan wuraren da ke da ɗan rufi, sauran bakin titin ya zama fanko. Rana mai ƙuna ma haka take yi wa masu jiran bas da tasi a layukan waje. Rumfar da ta rufe titin kakaf, layi takwas na motoci, daga jikin gini har zuwa benen ajiye motoci, ta mayar da kowane taku na bakin titin daidai da ɗan uwansa. Direba yana iya wucewa gaba ya tsaya inda ke da wuri, fasinjansa ba zai yi ƙorafi ba. Ba a ƙara tsawon titin ba, amma an samu amfani da duk tsawonsa.

Sai maganar masu tsallaka titi, wadda ita ce ta fi muhimmanci a wurina. A gaban kowane ɓangare na tashar akwai benen ajiye motoci, kuma a tsarin da, wanda ya ajiye motarsa a can da ƙafa zai ratsa dukkan layukan nan, da akwati da yara, kafin ya kai ƙofa. Duk sanda mutane suka shiga mahaya, motoci sun tsaya ke nan, kuma ba a yin minti ɗaya ba a samu mai tsallakawa ba. Ga haɗari, ga jinkiri. Shi ya sa aka tsara gadojin ƙafa guda huɗu, biyu a kowane ɓangare, da ke ratsawa ta ƙarƙashin rumfa a saman motoci, su haɗa benen ajiye motoci da tasha. Gadojin sun biyo baya ne, bayan an gama rumfunan, kuma tsayin rumfar yana daga cikin abin da ya ba su wurin wucewa. Wanda ya ɗauki rumfunan a matsayin ado zai ga mita 22 ta yi yawa. Wanda ya san gada za ta bi ta ciki, bas-bas za su bi ta ƙarƙashin gadar, hayaƙin ɗaruruwan motoci kuma yana neman hanyar fita, zai ga tsayin yana da dalili. Rumfa gajera a kan titi mai wannan yawan mota tarkon hayaƙi ce da ƙara.

Da a fili fetal za a yi ginin, da abin ya zo da sauƙi: a kafa ginshiƙai inda ake so, a ɗora rufi. A nan kuwa babu damar kafa ginshiƙi a tsakiyar titi, don zai cinye layin mota, ya tare wa direba gani, ya kuma zama abin da mota za ta iya daka. Dole rumfar ta tsallake titin gaba ɗaya da baka ɗaya. Kamfanin zanen gine-gine na HOK, wanda shi ne ya zana filin wasa na Mercedes-Benz da ke cikin Atlanta, ya tsara bakan ƙarfe guda 19 ga kowace rumfa, 38 ke nan gaba ɗaya, kuma ƙarfen da aka yi amfani da shi ya kai kimanin tan 3,500. Kowane baka ƙafarsa ɗaya tana kan sabon ginshiƙin kankare a gefen benen motoci, ɗayar kuma tana kan ginshiƙan tsohuwar tashar. Nan fa ake yin ta. Waɗanda suka lissafa ƙarfin ginshiƙan nan a ƙarshen shekarun 1970 ba su sa wata rumfa a lissafi ba. Duk kilo ɗaya da za a ɗora musu sai an tabbatar za su iya ɗauka, in ba haka ba sai an shiga cikin tashar an fasa bango da daɓe an ƙarfafa su, a daidai wurin da dubban mutane ke layin tikiti da ajiye kaya.

Wannan ne ya sa ba a rufa da gilashi ba. An yi amfani da wata irin leda mai tauri da ake kira ETFE, 'yar uwar sinadarin Teflon da ake shafe kaskon suya da shi don kada abinci ya kama. Kamfanin DuPont ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, kuma masu kallon ƙwallo sun san ta ko ba su san sunanta ba, domin ita ce ke lulluɓe da filin Allianz Arena na Munich da aka buɗe a 2005, ita ce kuma jikin ginin ninƙaya na wasannin Olamfik na Beijing a 2008. Bambancin nauyin ya isa a yi masa lissafi. Gilashin rufi mai kaurin milimita 20 yana da nauyin kilo 50 a kowane murabba'in mita. Ledar ETFE mai kaurin kwatan milimita ba ta kai rabin kilo ba. Shimfiɗar kowace rumfa ta kai wajen murabba'in mita 15,500. Da gilashi aka rufa, tan 775 ke nan, kafin a ƙidaya ƙarin ƙarfen da zai riƙe gilashin. Da leda kuwa wajen tan 7. Ga shi kuma ba ta fashewa ta watso wa mutane ɓaraguza, rana ba ta saurin cinye ta, idan wuta ta kama narkewa take yi ta buɗe wa hayaƙi hanya. Haske yana ratsa ta kusan kamar gilashi, don haka akan buga mata ɗigo-ɗigon fenti don a rage zafin rana, a samu inuwa mai haske, wadda ba ta bukatar a kunna fitila da rana.

Rashin nauyin ma da nasa ciwon kan. Duk wanda ya ga yadda iskar farkon damina ke yaye kwanon gida ta jefar da shi a bayan unguwa ya san cewa rufi ba faɗowa ƙasa kaɗai yake yi ba, tashi sama ma yana yi. Rumfa mai buɗaɗɗen baki gaba da baya iska tana shiga ƙarƙashinta ta tura sama, tana bi ta samanta ta tsotsa, kuma ledar ba ta da nauyin da zai danne ta. Saboda haka injiniyoyi sukan gwada ƙaramin samfurin irin wannan gini a ɗakin gwajin iska kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, harsashin kuma ana yin sa ne yadda zai riƙe rumfar kada ta tashi, kamar yadda zai tallafe ta kada ta nutse. A Atlanta an tsara mahaɗar bakan da tsohon gini yadda turin gefe zai tafi kan sababbin ginshiƙai, tsohon ginin ya ɗauki abin da zai iya kawai.

Akwai kuma motsin da ido ba ya gani. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya ji sanyi. A Atlanta sanyin hunturu kan sauka ƙasa da sifiri, zafi kuma kan haura digiri 35. Ƙarfe mai tsawon mita 263, idan yanayi ya canja da digiri 40, tsawonsa yana canjawa da kusan santimita 13. Idan aka ɗaure shi tamau a jikin ginin kankare da ba ya motsi daidai da shi, ɗaya daga cikinsu sai ya tsage. Don haka ake ɗora ƙafar baka a kan wani matashi na musamman da ke barinta ta ɗan zame. Ruwa ma haka. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka ruwan milimita 25, wanda hadari ɗaya kan zubar cikin ƙasa da awa, ya kusa lita 390,000 a kan rumfa guda. Dukkan wannan ruwa sai ya bi indararo da bututun da aka ɓoye a jikin ƙarfe ya shiga magudanar ƙasa, ba tare da ya taru a kan leda ba. Wurin da ruwa ya taru yana lotsawa, lotsawar kuma tana ƙara tara ruwa, har abin ya yage.

Duk da haka, ba zanen ne ya fi cin kuɗi da lokaci ba, yadda za a yi aikin ne. Filin jirgin da ke karɓar mutum 300,000 a rana ba a rufe masa ƙofa. Sai dare ya raba, jirage sun yi sauƙi, sannan a tare layukan mota, a shigo da ƙugiyar ɗaga kaya, a ɗaga gutsuren baka, a ɗaure, a duba, a kwashe komai, a share titi, a buɗe shi kafin fasinjojin asuba su fara isowa. Ɗan kwangila yana biyan ma'aikata da hayar injuna na cikakken aiki, amma 'yan awoyi kaɗan yake samu a dare, wani daren ma iska ko tsawa su hana ɗaga komai. Kuma ba a barin baka a sama da rabin ɗauri alhali da safe mutane za su bi ta ƙarƙashinsa, kowane dare sai an tashi aiki a matakin da abin da aka ɗora zai iya tsayawa da kansa. A ƙasa kuma, haƙa harsashi a gaban ginin da ya shekara kusan 40 yana nufin lallaɓawa tsakanin bututun ruwa, da wayoyin lantarki da na sadarwa, waɗanda yanke ɗaya daga cikinsu zai iya tsayar da tasha. Ga wa'adi a gaba, domin a ranar 3 ga Fabrairu, 2019 Atlanta ta karɓi baƙuncin wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, Super Bowl, kuma rumfar arewa ta riga ta tsaya kafin baƙin su iso. Duk wanda zai kwatanta dala miliyan 265 da kuɗin ƙarfe da leda kaɗai ya bar babban kason lissafin a baya.

Alhazanmu sun san wata rumfar filin jirgi da ta girmi wannan, kuma a ganina har yau ba a yi wadda ta fi ta dacewa da wurinta ba. Ita ce tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wadda aka buɗe a 1981. Tantuna 210 ne na zaren gilashi da aka shafe da Teflon, kowanne mita 45 tsawo da faɗi, rataye da igiyoyin ƙarfe daga dogayen ginshiƙai. Kamfanin SOM na Amurka ne ya zana, injiniyan da ya jagoranci tsarin kuwa Fazlur Rahman Khan ne, haifaffen Dhaka, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Jidda a 1982. Ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1983. Hikimarsa ita ce ba a yi ƙoƙarin sanyaya wannan makeken fili da na'ura ba. An bar gefuna a buɗe, an bar kafa a ƙololuwar kowane tanti, iska mai zafi ta tashi ta fice, farin yadin kuma ya mayar da mafi yawan zafin rana. A Jidda rumfar ita ce tashar, domin alhaji kan yi awoyi masu yawa yana jira a ƙarƙashinta. A Atlanta mutum minti biyu ko goma yake yi ya wuce. Shi ya sa ta Jidda ta fi karkata ga inuwa mai kauri, ta Atlanta ga haske da buɗaɗɗen gani.

Buɗaɗɗen ganin nan yana da alaƙa da tsaro. A ranar 30 ga Yuni, 2007 wasu mahara suka tuƙo mota ɗauke da tukwanen gas suka daki ƙofar tashar filin jirgin Glasgow a Birtaniya. A 2016 aka kai hari zauren tashi na filin jirgin Brussels a watan Maris, da na Ataturk a Istanbul a watan Yuni, dukkansu a ɓangaren gari, kafin wurin bincike. Tun daga nan duk mai gyaran ƙofar filin jirgi yana tunanin turakun ƙarfe da ke hana mota hawa kan dakalin masu tafiya, da irin gilashin da za a sa a fuskar gini, da kuma rage tarin mutane a bakin ƙofa. Titin da babu ginshiƙai a tsakiyarsa, mai haske dare da rana, ya fi sauƙin sa ido ga kyamara da jami'an tsaro.

To wa ya biya? Filin mallakar birnin Atlanta ne, amma manyan filayen jiragen Amurka da kuɗin da suke samu suke tafiyar da kansu: hayar da kamfanonin jirage ke biya, kuɗin ajiye mota, hayar shaguna, takardun bashi, da wani kuɗi da ake ɗorawa a kan tikiti, wanda dokar tarayya ta taƙaita shi a dala 4.50 ga kowane hawa. Rumfunan wani yanki ne na shirin sabunta filin mai suna ATLNext, na kimanin dala biliyan 6, da aka ƙaddamar a 2016 zamanin magajin gari Kasim Reed, shekarar da birnin ya ƙulla sabuwar yarjejeniyar shekara 20 da Delta. Ba daga harajin gidajen mutanen gari aka ɗebo ba, amma hakan bai wanke tashin farashin ba, don a ƙarshe matafiyi ne ke biya, ko a tikiti ko a wajen ajiye mota. Masu cewa da an yi rumfa mai sauƙi an juya sauran kuɗin zuwa layukan bincike ko banɗakuna suna da hujja, kuma ina ganin fitilu masu launi da lanƙwasar da ta fi ƙarfin buƙata sun ɗauki nasu kason. Inda na rabu da su shi ne, rumfa mai arha dole ta zo da ginshiƙai a tsakiyar titi da rufi gajere, kuma waɗannan su ne za su hana gadoji da sakin motocin da aka yi aikin dominsu.

Abin da ya fi damuna game da yayin rumfuna a filayen jiragen duniya shi ne abin da ke biyo bayan yanke kyalle. Da asubar 28 ga Yuni, 2024, cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, milimita 228 a yini ɗaya, wani ɓangare na rumfar ƙofar tasha ta ɗaya a filin jirgin Indira Gandhi da ke Delhi ya rufto kan motocin da ke ƙasa. Direban tasi ɗaya ya rasu, wasu suka jikkata, aka rufe tashar aka kwashe jiragenta zuwa sauran tashoshin. A cikin wannan mako ɗaya rumfunan yadi na filayen Jabalpur da Rajkot, duk a Indiya, su ma suka yage saboda tarin ruwa. A ranar 1 ga Nuwamba na shekarar, rumfar kankare ta tashar jirgin ƙasa ta Novi Sad a Sabiya, ginin 1964 da aka gama yi wa kwaskwarima 'yan watanni kafin nan, ta faɗo kan mutanen da ke zaune a ƙarƙashinta. Mutum 16 suka rasa rayukansu, zanga-zangar da ta biyo baya kuma ta kai ga murabus ɗin firaminista. Ko a Amurkan, dusar ƙanƙarar watan Maris na 2003 ta yaga rufin tanti na tashar filin jirgin Denver.

Rumfa abu ce da ke rataye a kan mutane dare da rana, kuma wuraren da take lalacewa suna can sama inda ba mai gani. Ganye da leda sukan toshe indararo, ruwa ya kwanta a mahaɗar ƙarfe, tsatsa ta ci noti, matashin da aka yi don ya zame ya cije saboda datti, igiyar da ke ɗame yadi ta saki. Babu ɗaya daga ciki da ke faruwa dare ɗaya. Wani ne zai hau da igiya ko motar ɗaga mutum, a tare masa titi da tsakar dare, ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da ya gani, a kuma samu kuɗin gyara a kasafin shekarar. Ledar ETFE idan ta huje ana iya liƙe ta da faci na irin jikinta, amma sai an gano hujin tukuna.

Ko tallar da ake yi wa ETFE cewa tana wanke kanta, sharaɗi gare ta. Santsinta yana hana datti kamawa, amma ruwan sama ne ke yin wankin, kuma a Atlanta ana samun ruwa kowane wata. A Kano ko Yamai, inda ake wata shida zuwa bakwai ba ɗigon ruwa, ga ƙurar hunturu tana sauka kullum, rufi mai ratsa haske zai yi dishi-dishi kafin damina ta zo, zafin rana kuma ya fi buƙatar inuwa mai kauri irin ta Jidda. Na kawo wannan ne domin ana cikin gyaran tashoshi a yankinmu: an sabunta filin Diori Hamani na Yamai a 2019, a 2025 kuma gwamnatin Najeriya ta amince da kimanin naira biliyan 712 don sake gina tsohuwar tashar Murtala Muhammed ta Legas, wadda aka buɗe a 1979, sa'ar ta Atlanta ke nan.

A Atlantan ma gosulo bai ƙare ba. A ranakun bukukuwa layin motoci yana miƙewa har wajen rumfa, hukumar filin kuma ta sha matsar da wurin da Uber da Lyft ke ɗaukar fasinja don ta rage wa bakin titin nauyi. Mai son kauce wa duk wannan yana iya hawa jirgin ƙasa na MARTA, wanda tun 1988 yake shiga har cikin tashar. Yanzu aikin ya koma kan tsofaffin benayen ajiye motoci na kudu da arewa, waɗanda gadojin ke sauka a kansu, kuma su ma kashi-kashi za a sake gina su, motoci na shiga da fita.